Wai me ake nufi da gandun daji?

Tun da Shugaba Tinubu ya amince a 2025 a ɗauki dakarun da za su riƙa tsaron dazuzzukan ƙasar nan, kalmar gandun daji ba ta sake hutawa a bakin 'yan jarida ba. Da safe ka ji mai karanta labarai ya ce 'yan bindiga sun tsere cikin gandun daji. Da rana ka ji wani kwamishina na alƙawarin za a sare gandun daji kaza a raba wa matasa gonaki. Da dare mai sharhi ya zo ya ce ai gandun daji shi ne wurin kiwon da aka ware wa Fulani. Rannan har na ji an kira jejin bayan wani ƙauye da wannan suna, alhali babu hukumar da ta taɓa shata masa iyaka ko ta kafa masa turke ɗaya. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a kan wannan kalma ake ƙwace wa mutum gatari, a kanta kuma ake tashin ruga, a kanta ake harbe giwa.

Ba kowane daji ne gandu ba. Sai hukuma ta zagaye shi da iyaka, ta rubuta a doka abin da aka hana da abin da aka bari. Kuma ko waɗanda aka keɓe ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka tsare don itatuwa da kare tushen koguna, kamar yadda Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari ta fara a 1936 a hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa. Akwai wanda aka tsare don namun daji, irin Yankari. Akwai na gwamnatin tarayya mai hukumarsa da ma'aikatansa, irin Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowanne girma, kuma ita kanta Kamuku ta shiga wannan sahu a 1999. Makiyayar dabbobi kuwa dokarta dabam ce, ta 1965 ce ta tsohuwar Jihar Arewa, kuma don shanu su shiga aka yi ta. To mai magana da ya haɗa waɗannan a ƙwarya ɗaya ya dama, ta yaya mai sauraro zai gane ko makiyayin da aka kama laifi ya yi, ko kuwa a hurumin sa yake?

Amma ba nan ne inda gizo ke saƙar ba. Rabin farko na kalmar muka manta, wato gandu.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san gandu kafin ya san daji. Gandu ita ce babbar gonar gida. Maigida da 'ya'yansa maza, har masu aure, wani lokaci da ƙannensa, su fita tun raɓa ba ta bushe ba, su jera kunya-kunya suna noma tare har azahar. Bayan azahar kowa ya saɓa fartanyarsa ya nufi gayaunarsa, 'yar gonar da abin da ta ba shi nasa ne shi kaɗai, ya sayar ya ɗinka riga ko ya sayi keke. Abin da aka girbe a gandu kuwa rumbun gida yake shiga. Daga nan ake auna hatsin tuwon dare da na furar rana, daga nan ake biyan haraji, a yi wa saurayi aure, a sayi ragon suna, a kai garma maƙera. Ba mai yankar gefen gandu ya sayar don ya matsu, ba kuma wanda zai yi gumi a cikinsa a hana shi tuwo. Shi ya sa idan aka ce gidan wane an raba gandu, dattawa kan yi shiru, don sun san yawanci daga nan ƙarfin gidan yake fara raguwa.

Ke nan gandu yana da mai shi, yana da masu yi masa aiki, kuma masu aikin su ne masu ci. Duk wanda ya fara laƙaba wa dajin da aka keɓe wannan suna ya san Hausa. Sai dai akwai wani gandun kuma, gandun sarki, wanda bayi da talakawa ke nomawa amfanin ya wuce fada. A Kano har yau akwai unguwar Gandun Albasa, suna ya rage, gona ta zama gidaje da shaguna. Abin da nake gani shi ne, da hukumar Turawa ta zo da tsarin keɓe daji, mutanen karkara wannan gandu na biyu suka gani, ba na farko ba. Kuma har gobe shi suke gani.

Ina ɗan shekara tara ko goma na raka Goggo, ƙanwar mahaifina, itace a bakin dajin da ke gabas da garinmu. Busassun rassan marke ta sassara, ta ɗaure da ɓawon kalgo, ta yi gammo, na taimaka mata ta ɗora. Ba mu yi nisa ba sai ga malamin daji a kan keke. Ta sauke kayan ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, busasshe ne, ko ɗanyen reshe ban taɓa ba." Ya ce, "Iya, ni ma aiko ni aka yi." Ya karɓi gatarin ya ɗaure a bayan kekensa. Muna tsaye a wurin wata babbar mota ta fito daga cikin dajin, maƙare da gungumen ƙirya ɗanyu shar, ta bi ta gabanmu ta tula mana ƙura, ko kallonta bai yi ba. Goggo ba ta ce uffan ba har muka isa gida. Bayan kwana biyu ta ari gatarin maƙwabciya, ta koma ta wani gefen tun da asuba, kuma daga ranar ba ta ƙara damuwa da ɗanye ko busasshe ba. Dajin ya tashi daga nata, to me zai sa ta tausaya masa?

Mutanen Nijar sun ɗanɗana wannan sun kuma ga kishiyarsa. Shekaru da yawa doka a can ta ɗauki bishiya a matsayin dukiyar gwamnati ko da a tsakiyar gonar mutum ta tsiro, ma'aikatan gandun daji na iya cin sa tara idan ya sare ta. Sai manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa magana. Daga wajen 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture lokacin sharar gona, a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a fiƙe sauran. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya sa ta bazu shi ne manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar tasa ce, har dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan haƙƙi. An ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Gawo ya dawo gona, yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Matar gida ta samu itacen girki a bayan gida ba tare da ta durƙusa wa kowa ba.

Ko raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ba cikin shinge suke ba. A gonakin Zabarmawa suke yawo, suna cin wake suna ɓata wa mutane rai. A 1996 guda 49 kacal suka rage, su ne na ƙarshe a irinsu a duk Afirka ta Yamma. Aka hana farautarsu, aka haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, aka ba mata ƙananan rance, matasa suka zama 'yan rakiyar baƙi, sai ga su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi. Harin da aka kai wa baƙi a wurin a watan Agustan 2020 ya karya wannan kasuwa ta yawon buɗe ido, abin takaici, amma dabbobin ba su ƙare ba.

Kuma ba sai mun je wajen Bature neman wannan fahimta ba. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali, ya naɗa 'yantaccen bawansa Hunayyu ya kula da ita, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken manyan mawadata, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka da 'ya'yansa zai zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka. Ya kuma yarda a fili cewa ƙasar ta mutanen wurin ce, larura ce ta sa ya keɓe ta. Duk lokacin da na tuna motar ƙiryar nan sai wannan wasiyya ta faɗo mini.

Kada a ɗauka ina cewa a buɗe daji kowa ya shiga. Wannan shi ne ɗaya ruɗanin, na 'yan siyasa, masu kallon gandun daji kamar filin da ba shi da mai shi, wanda za a yanka a raba wa magoya baya idan zaɓe ya ƙarato. Mun ga inda wannan ya kai mu: an nome makiyaya, an toshe burtali, shanu suka rasa hanya suka faɗa gona, ma'aikatan daji aka bar su ba albashin kirki ba abin hawa har suka janye. Sambisa wurin namun daji ne kafin duniya ta san shi da Boko Haram. Rugu da Kuyambana da Kamuku su ma yanzu ba a ambatonsu sai da labarin bindiga. Gandun da maigida ya daina leƙawa, wani zai shuka abin da ya ga dama a ciki.

Yankari ta ƙaramar hukumar Alkaleri ta nuna nauyin abin ta kowane ɓangare. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, tarayya ta karɓe ta a 1991, ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma giwayenta, da ake ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, suna cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Idan suka ƙare, jikokinmu sai dai su ji giwa a tatsuniya da kirarin sarakuna. Amma giwa ba ta san turken iyaka ba. Da kaka, dawa ta nuna, sai garke ya fito da dare, kafin gari ya waye abin da mutum ya yi wata biyar yana wahala a kai ya zama tabarma. Manomin da ya kwana a kan rumfa yana buga gwangwani yana haska tocila, shi ne yake biyan kuɗin giwar da mu 'yan birni ke zuwa ɗauka hoto mu yi wanka a ruwan ɗumin Wikki mu dawo. In gandu ne da gaske, to wannan mutum ɗan gida ne, yana da rabo a rumbu: a biya shi asararsa da wuri, a ɗauki ɗansa aikin gadi, wani kaso na kuɗin ƙofa ya tsaya a ƙauyensa.

Falgore ta jihar Kano kuwa ta fi ba ni tsoro, don ita ce ta fi kusa da tukunyar mutane da yawa. Tana cikin wurare goma da Shugaba Buhari ya amince a 2020 a ɗaga su zuwa matsayin na tarayya. Kogin Kano ta cikinta yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Ruwan nan shi ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, shi ke gangarawa har fadamun Hadeja. Saiwar itatuwan Falgore ce ke riƙe ƙasa, in an sare su yashi da laka za su bi ruwa su riƙa cike madatsar a hankali. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa a birni suka jingine tukunyar gas suka koma gawayi, buhunan kuma daga irin waɗannan dazuzzuka suke fitowa. Mai noman rani a Kura da mai buɗe famfo a cikin Kano duk daga wannan gandu suke ci ba tare da sun sani ba, amma mutumin Doguwa da na Tudun Wada da na Sumaila da ke bakin dajin su kaɗai ake ce wa kada su taɓa. Kafin a tura musu dakaru da bindiga, a fara kai musu murhu mai tsimin itace da irin bishiyar da za su dasa ta zama tasu, a shata wa makiyayi burtalinsa a fili, sannan a kafa shingen farko a kan hanyar da motocin gawayi ke bi da dare.