Ruwa garai-garai ba shi ne lafiyayyen ruwa ba

A Damagaram mun daɗe muna cewa in ruwan pampo ya dawo fari tas, a sha kawai. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara.

Idan girgizar ƙasa ko ambaliya ta tsaga bututu, ko aka ɗauke ruwa na kwanaki, ƙarfin ruwan ciki yana faɗuwa, sai ƙazantar kwata da masai ta kutsa ta tsagar. Shi ya sa masu gyara ke wanke layin bututu da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kafin a sha.

Duba da kanka: bar pampo ya zuba tukuna, ka shinshina ɗan warin kulorin. Takardar gwajin kulorin, wadda ake tsomawa a ruwa, ya kamata ta nuna miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In babu kulorin, tafasa ruwan minti 1, ko na ɗan garuwa ne.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa.