Waiwaye: yadda gonakin gado suka zama ɗamarar itatuwan Yamai

Mai shigowa Yamai ta hanyar Filinge yakan ratsa wani tsiri na itatuwan bedi, wato dogon yaro, kafin ya kai tsakiyar gari. Shi ne abin da ake kira Ceinture verte, ɗamarar itatuwa da aka fara dasawa a 1965 a gaɓar Hausa, wato ta hagu, ta kogin Isa. Tsarin farko ya tanadi tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, kimanin hekta 2,500 ke nan, don ta tare wa gari iska da ƙurar hunturu, ta kuma riƙe rairayi. A 1960 mutanen Yamai ba su wuce kimanin dubu 30 ba. Ƙidayar 2012 ta tarar sun haura miliyan ɗaya, gidaje kuma sun riga sun tsallake itatuwan da aka dasa don su kewaye su.

Zaɓen bedi yana da dalili. Yana jure wa ruwan Yamai, wanda bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, yana girma da sauri, kuma in an sare shi yakan sake toho daga kututture. Ta fuskar dashe, aikin ya yi kyau. Inda aka bar baya da ƙura shi ne maganar ƙasa. Filin ba daji ba ne marar mai shi, gonakin hatsi ne na iyalan ƙauyukan da ke kewaye da gari, waɗanda suka gada kaka da kakanni. An bar manoma su ci gaba da shuka tsakanin layukan dashe, sai dai bedi ba gawo ba ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana a ƙarƙashinsa. Bedi kuwa da rassansa sun haɗe, inuwa ta rufe, sai amfanin gona ya ja baya. Mai gona ya wayi gari ƙasar tasa ce a baki, iccen na gwamnati ne, hatsin kuma babu. Magada da yawa har yau suna cewa ba a biya su diyya ba. Da farashin fili ya tashi, sai aka shiga yanka ana sayarwa, wasu wuraren suka zama juji, wasu aka kafa bukkoki.

Dokokin ma sun daɗe suna raba manomi da icce. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ita ce ta kawo keɓe gandun daji a yankinmu, ta 1974 kuma ta bi sawunta wajen ɗora kulawar itatuwa a hannun hukuma. Sai bayan fari na 1984 da taron Maradi na wannan shekarar kan gurgusowar hamada aka fara juya akala. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. Dokar daji ta 2004 kuma ta yarda mutum ya mallaki daji nasa na kansa. Da waɗannan dokoki biyu na ƙarshe suna nan a 1965, da wata maganar ake yi yanzu.

A Kenya an bi ta wata hanya. Lewa gonar kiwon shanu ce ta iyalin Craig. A shekarun 1980 suka ware wani sashe don kare karkanda, a 1995 aka mayar da gonar wurin kare namun daji, da shirin karɓar ƴan makaranta. Masu ƙasar ne da kansu suka ɗauki matakin.

Iyalin da ke da tsohuwar garka ko gonar gado a gefen Yamai, suna son ta zama wurin adana itatuwa da koyar da yara, takarda ce aikinsu na farko, kafin a haƙa rami ko ɗaya. A tara magada duka, har da mata da waɗanda ke ƙasar waje, a auna iyaka gaban maƙwabta da mai gari, a samu takardar shaidar mallaka, a rubuta wanda zai kula da wurin da yadda za a raba abin da ya shigo. Magaji ɗaya da ba a shawarta ba ya isa ya rusa aikin shekara 20.

Bayan takarda sai shinge, don akuya ɗaya takan cinye dashen damina guda. Waya tana da tsada kuma ana sace ta. Aguwa ta fi dacewa: a yanko rassanta a kafa su kusa da juna a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, a ƙara layin bagaruwa daga ciki. Kafin a sayo ko icce ɗaya, a duba abin da ke ƙasa. Kututturan sabara, kalgo da geza suna da saiwa mai rai, kuma in aka yi musu sassaben zamani, aka bar toho 2 zuwa 5 mafi ƙarfi aka datse sauran, suna riga sabon dashe girma ba tare da ban ruwa ba.

Inda ya zama dole a dasa, a fara reno a leda tun watan Maris ko Afrilu, da rairayi kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana jawo gara. Irin bedi yana mutuwa cikin ƴan makonni, don haka sabo ake shukawa. Irin gawo da bagaruwa kuma sai an jiƙa shi da ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro. Rami ya kai santimita 40 faɗi da zurfi. Tazarar mita 5 tana ba da icce 400 a hekta, ta mita 4 tana ba da 625. A cire ledar, a datse saiwar da ta nannaɗe a gindi, in ba haka ba iccen ya tsumbure. Ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itatuwa ta ƙasa, amma wanda ya samu ƙasa ta jiƙu sosai tun tsakiyar Yuli kada ya jira biki, domin ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba. Kuma kada a cika wuri da iri ɗaya: a farkon shekarun 1990 bedi ya yi ta bushewa daga ƙoƙuwa a sassa da dama na Nijar. A cakuɗa da aduwa, magarya, kuka, tsamiya da goriba.

Ɓangaren koyarwa bai buƙatar babban gini. Gidan tarihi na Boubou Hama, da aka buɗe a 1959 a kan hekta 24, ya daɗe yana haɗa dabbobi, sana'o'in hannu da karatun yara a fili ɗaya. A garka, rumfa ɗaya ta isa, da randar ruwan sha, da bayan gida, da allo a gindin kowane icce mai ɗauke da sunansa da Hausa, Zabarmanci da Faransanci. A raba aji gida uku ko huɗu, a zo da safe kafin rana ta yi zafi, kowane yaro ya cika leda ɗaya ya shuka iri a ciki, ya dawo da damina ya dasa da hannunsa.