Tsayawar aiki a masana'antun sake sarrafa shara

Tsayawar aiki ita ce duk lokacin da injinan tantance shara suka daina juyawa alhali ya kamata a ce suna aiki. Da yake injinan a jere suke, wannan bel yana miƙa wa wancan, lalacewar guda ɗaya kan tsayar da layin gaba ɗaya, motocin shara kuwa ba sa fasa sauke kaya.

Tarihi

Yawancin dabarun rage tsayawa daga masana'antun ƙere-ƙere aka aro su. A Japan, Seiichi Nakajima ya yi fice wajen tsara hanyar kula da injina da ake kira TPM, wadda kamfanin Nippondenso ya samu lambar yabo a kanta a 1971. Jigonta shi ne mai aiki da inji shi zai fara kula da shi: ya share, ya sa giris, ya saurari sauyin ƙara, ba sai makaniki ya zo ba. Daga nan aka samu ma'aunin da ke haɗa tsawon lokacin aiki da saurin inji da ingancin abin da ya fito.

A wajajen shekarun 1990 wasu garuruwan Amurka suka fara tara takarda da roba da gwangwani a mazubi ɗaya. Kaya sun ƙaru, datti ma ya ƙaru. Da Sin, wadda ke sayen irin wannan kaya a lokacin, ta ƙayyade dattin da za ta karɓa a cikinsa zuwa kashi 0.5 cikin ɗari a 2018, masana'antu da dama sun rage gudun bel domin a tsince da kyau.

Musabbabai

Babban abin da ke addabar layi shi ne duk abin da ke naɗewa: leda, tiyo, waya, tsumma. Sukan kanannaɗe sandunan rariyar da ke raba kwali da kwalabe har ramukanta su toshe. Dole a kashe wuta, a sa kwaɗo a makunni don kada wani ya kunna, sannan ma'aikata su hau da wuƙa su yanke da hannu, wani lokaci sau da yawa a yini. Batirin litiyam kuma idan inji ya murƙushe shi yakan kama wuta.

Hanyoyin ragewa

Tsince manyan abubuwa tun a bakin layi, ajiye kayan gyara a kusa, da na'urorin auna zafi da girgizar boris kafin ya ci.

Akwai saɓani kan ko mutum-mutumin tsince shara yana mayar da kuɗinsa a ƙananan masana'antu.