Waiwaye: yadda naɗe babban filafilin jirgin ruwa ya koma cikin jigo, da irin kulawar da ya jawo

Tun da ɗan Adam ya fara tafiya a kan teku da ƙarfin iska, matsala ɗaya ce ba ta taɓa rabuwa da matuƙa ba, wato yadda za a rage faɗin filafili, zanen da iska ke bugawa ta tura jirgi, idan iska ta yi ƙarfi fiye da kima. A tsohuwar hanya, sai an sassauta igiyar da ke ɗaga babban filafili, a janyo ƙasansa, a tattare abin da ya sauko, sannan a ɗaure shi da gajerun igiyoyi a jikin sandar da ke kwance a ƙarƙashinsa. Wannan aiki kuwa ana yin sa ne a tsaye kusa da jigo, wato dogon ginshiƙin da ke riƙe filafili, jirgi na tangaɗi, ruwa na watsowa, sau da yawa cikin duhun dare.

Waɗanda suka fara neman sauƙi a kan babban filafili ma'aikata ne masu neman abinci a teku. A ƙarshen ƙarni na 19, jiragen da ke kai jagorori masu nuna hanyar shiga tasha zuwa manyan jiragen kasuwanci a mashigin Bristol na Birtaniya sun yi suna da wata na'ura mai haƙoran giya da ake kira Appledore, wadda ke juya sandar kwance gaba ɗaya, filafili yana naɗewa a jikinta kamar tabarma. Da yake idan jagora ya hau babban jirgi ba a barin kowa sai mutum ɗaya da yaro su komo da nasu, dole ce ta sa suka rungumi dabarar. A ɓangaren filafilin goshi kuma, wato wanda ke gaban jigo, ana danganta tunanin naɗewa ga Manjo du Boulay, sannan Manjo Wykeham-Martin ya inganta shi, aka yi wa na'urarsa ta tagulla rajista a 1907. Kulawar waɗannan kayan ba ta da wuya, domin komai a fili yake: a wanke, a shafa giris, a duba haƙoran giya.

Sai dai naɗewa a jikin sanda tana ɓata siffar filafili, yana yin tumbi a tsakiya, ƙarshen sandar kuma yana zubowa ƙasa. Don haka a wajen shekarun 1970 masu tsere da masu dogon zango suka koma ga tattarewa da igiya. A daidai wannan lokaci ne Ted Hood, maɗinkin filafilai na garin Marblehead a Amurka, wanda ya ci gasar tseren jiragen ruwa ta Kofin Amurka a 1974 yana tuƙa jirgin Courageous, ya fito da jigon da ya sa wa suna Stoway. Jigo ne na alminiyam mai rami, da wani siririn bututu a tsaye a cikinsa, da tsaga a bayansa tun daga ƙasa har sama. Idan an juya bututun, filafili ya shige ta tsagar ya naɗe, idan an ja igiyar kusurwarsa ta baya ya warware. Daga baya kamfanonin Seldén na Suwidin da Z-Spars na Faransa suka yaɗa irin wannan jigo, kamfanin Amel mai ƙera jiragen ruwa ya haɗa nasa da injin lantarki, har ta kai yau jiragen haya masu yawa a gaɓar Kuroshiya da Girka da shi suke fitowa.

Babu mai musun alherin wannan sauyi, musamman ga ma'auratan da suka manyanta waɗanda ke tafiya su biyu, domin suna rage filafili ba tare da ɗayansu ya bar wurin tuƙi ba. Amma a ganina an fi tallata sauƙin fiye da sharaɗinsa. Na'urar da a da take a idon kowa yanzu ta ɓuya cikin jigo, kuma idan filafili ya cije a tsaga rabinsa a waje, ba ya shiga, ba ya fita, ba ya kuma saukowa, tun da a naɗe yake a jikin bututun. Matuƙin da hakan ya same shi hadari na tasowa ba shi da zaɓi mai daɗi: ko a ɗaga mutum sama da igiya ya riƙa zaro zanen da hannu, ko a sa wuƙa.

Daga irin wannan cijewa ne aka koyi yawancin ƙa'idojin kulawar da ake bi yau, kuma abin lura shi ne sau da yawa laifin yana ga zanen. Filafilin Dacron, wani yadin roba, da ya sha rana da iska shekara da shekaru yana saki, tsakiyarsa ta yi jaka, sai ya naɗe da ninki a maimakon ya kwanta sumul, ninkin nan ne kuma ke toshe tsaga. Shi ya sa ake sauke shi a ƙarshen kakar tafiya a kai wa maɗinki, ya duba ɗinki da facin kariyar rana da ke kan kusurwar da ba ta shiga jigo, ya kuma faɗi gaskiya in lokacin canji ya yi. Bayan zane sai jan igiyar ɗagawa: in ya yi sako-sako zane ya yamutse, in ya wuce kima ya danne boris ɗin sama har juyawa ta yi nauyi. Haka nan sandar kwance tana bukatar ta tsaya a kusurwar da kamfani ya ƙayyade, a kuma riƙe igiyar baya da ɗan ƙarfi yayin naɗewa domin naɗin ya matse. Jigon da aka lanƙwasa da yawa ta hanyar tsananta wayar da ke riƙe shi daga bayan jirgi shi ma yana sa bututun ya riƙa gogar bango daga ciki.

A ɓangaren ƙarfe, gishiri ne babban abokin gaba. Ruwan teku yana bushewa a cikin boris ya bar ƙwayoyi masu kaifi, kuma maganinsa mai arha ne, wato wanki da ruwan daɗi a kai a kai ana juya na'urar da hannu. Wajen man shafawa ne mutane suka fi yin kuskure, domin boris ɗin ƙarfe da giyar Seldén suna son giris mai jure ruwa kamar sau ɗaya a shekara, alhali masu ƙwallayen roba ta Torlon wanki kawai suke so, giris kuwa ƙura yake tara musu. Akwai kuma ciwon da ba ya nuna kansa da wuri: inda sukurun ƙarfe marar tsatsa ya shiga alminiyam, danshin gishiri yana sa alminiyam ɗin ya ci, ya yi farin gari, sukuru ya kafe. Masu gyara suna shafa man kariya irin su Duralac ko Tef-Gel a zaren kafin ɗaurewa, wanda ya tsallake wannan kuwa wata rana sai ya huda sukurun da injin huji.

Tsoron cijewa ne ya dawo da hankali kan sandar kwance, amma da sabon salo, inda ake naɗe filafili a cikin ramin sandar. Kamfanin Leisure Furl na ƙasar Niyu Zilan na cikin waɗanda suka yi fice a nan tun shekarun 1990. Fa'idar wannan salo ita ce nauyi yana ƙasa, ana iya sa wa filafili dogayen sandunan da ke riƙe siffarsa, in kuma na'ura ta ƙi, a saki igiya zane ya sauko. Nasa sharaɗin shi ne kusurwar sandar, wadda ke ɗan ƙasa da digiri 90 daga jigo, domin ƙaramin kuskure yana sa naɗin ya zame gaba ya yage bakin zanen da ke bin layin jigo. Saboda haka masu irin wannan sanda sukan yi alama a jikin tokaren da ke riƙe ta, su kuma duba bakin zanen duk lokacin da suka wanke jirgi.