Ƙiwuya ba sangarta ba ce

A Maradi, da yaro ya ƙi hannun baƙo ya cusa kai cikin zanen uwarsa, sai kaka ta ce: "Ƴar nan, ke kika ɓata shi da goyo." Ba haka ba ne. Wajen wata 7 zuwa 9 yawancin jarirai ke fara ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, saboda sun riga sun san nasu.

Yawan ɗauka ma ba ya sangarta jariri. A 1972 masu binciken halayyar yara Silvia Bell da Mary Ainsworth sun nuna a Amurka cewa jariran da ake saurin rarrashi kukansu ya fi raguwa kafin su shekara. Kuma ba uwa kaɗai yake shaƙuwa da ita ba: kaka, ƴar raino, har kishiyar uwa in ita ke kula da shi kullum.