Tabon ruwa a jikin katanga

Idan aiki ya kai ni unguwa, katanga nake fara dubawa kafin in leƙa kwata. Duk inda ruwa ya taɓa kwanciya sai ya bar tabo, wani a idon sawu, wani a gwiwa, wani har ƙugu. Da wannan tabon mu 'yan duba-gari muke sanin tarihin lungu tun mai unguwa bai buɗe baki ba.

Kowace shekara kafin damina, hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen saukar ruwa, ita kuma NIHSA mai lura da koguna ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Da irin waɗannan rahotanni hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha, SEMA, ke tsara shiri. Aiki ne mai amfani. Sai dai wanda ke zaune a Abuja, iyakarsa ya ambaci sunan ƙaramar hukuma. Bai san lungun da ruwa ke fara shiga a Fagge ko Dala a nan Kano ba, bai san kwalbatin da ta toshe tun bara ba. Ku kuka sani.

Garuruwan bakin kogi tumbatsar madatsun ruwa na Tiga da Challawa suke fargaba. Mu a cikin birni, ruwan sama ne ke rasa hanya. Kakanninmu sun haƙi ƙasar gini, ramukan suka zama kududdufai masu shanye ruwan unguwa. Yau an cike da yawansu da shara, an yanka, an ɗora gini. Tsakar gidan da a da ƙasa ce ta koma siminti, ruwa ba ya nutsewa. Duk sai ya nufi kwata, kwata ta nufi rafin Jakara, ya tarar ledar fiyawata da robar lemo sun riga shi kama wuri. 'Yan Kantin Kwari ba su manta da daminar 2022 ba, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tarbar masu zuwa tantancewa. Na taɓa shiga wani gida, ga tabo nan a bangon zaure daidai gwiwa, amma maigidan na ce mini, "Malam, mu ruwa bai taɓa shigo mana ba." Tsoronsa kar a shafa wa gidan jan fenti. Ban ga laifin tsoron ba, kowa na jin rusau. Amma lungun da aka rubuta "babu matsala" a gabansa, da wuya a tuna da shi ran da za a ware kuɗin magudana. Abin dariya, bayan ruwa ya yi ɓarna kuma, da an ji ana ɗaukar sunan masu samun tallafi, har wanda ke saman bene sai ya fito.

Don haka tun rani ku zauna da mai unguwa ku rubuta naku bayanin. Ta ina ruwa ke shigowa, ina ya tsaya a katanga, awa nawa yake yi kafin ya janye? Waɗanne gidaje ne ginin ƙasa da gindinsu ya zaizaye? Ina tsofaffi, masu ciki da naƙasassu da za a fara fitarwa, kuma wace makaranta ce a kan tudu da za a kai su? Ku haɗa da hotunan waya, ku miƙa ta hannun dagaci zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi. Takardar unguwa guda ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi a ofis.

Mai neman fili kuwa, dillali a rani yake nuna maka. Koma ka gan shi a watan Agusta, ka kuma tuntuɓi hukumar tsara birane, KNUPDA, kafin ka biya.

Ranar tsaftar muhalli, Asabar ɗin ƙarshen wata, kwatar da aka yashe aka jibge dagwalon a bakinta, ruwan farko zai mayar da shi. A nemi motar hukumar kwashe shara, REMASAB, ta kwashe.

In ruwan ya riga ya shigo, a fara kashe wutar lantarki, a hana yara wanka a ciki. Rijiyar da ruwa ya haura bakinta ta haɗu da masai, ko da idonka ya ga ruwan garau; a tafasa kafin a sha. Wanda amai da gudawa ya kama, a dama masa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, yana kurɓa ana hanyar asibiti. Kar a ce sai gari ya waye.