Waiwaye: Daga Kyautar Tsofaffin Kwamfutoci Zuwa Koyar da 'Ya'yan Talakawa

A shekarar 1993 aka buɗe wani ɗan ɗaki a gidan adana kayan tarihin kwamfuta na birnin Boston a Amurka, tare da haɗin gwiwar masana daga jami'ar MIT. Sunansa Computer Clubhouse. Yaran unguwannin marasa galihu ke zuwa bayan an tashi makaranta, su zana hoto, su haɗa kiɗa, su sarrafa 'yan mutum-mutumi, babu jarrabawa babu bulala. A 2000 kamfanin Intel ya shigo da kuɗinsa, ya ɗauki nauyin buɗe irin wannan ɗaki guda 100 a ƙasashe daban-daban. Kamfanin Cisco kuwa tun 1997 ya fara makarantun koyar da haɗa layukan sadarwa, Microsoft ya biyo baya a 2003 da shirin Unlimited Potential, yana bai wa ƙungiyoyin sa-kai kuɗi da manhaja.

Kada a ɗauka duk don Allah ne. Yaron da ya koyi aiki a kan manhajarka, gobe shi ne mai sayenta. Ba laifi ba ne, amma gara a san da shi.

Abin da ya fara isowa Afirka galibi injuna ne, ba ilimi ba. Kamfanonin Turai kan sabunta kayan ofis, sai su miƙa tsofaffin ga ƙungiyoyi irin su Computer Aid International ta Birtaniya, a gyara a turo. Wasu sun yi amfani sosai. Sai dai 'yan kasuwa ma sun bi wannan hanya da sunan gwanjo, har a 2005 ƙungiyar Basel Action Network, mai sa ido kan safarar shara mai guba, ta ba da rahoton cewa kusan kwantena 500 ke sauka a tashar Legas duk wata, kuma mafi yawan kayan ciki bola ce kawai.

Ko waɗanda suka iso da lafiya, mun ga yadda suke ƙarewa. A yanka kirtani, a ɗauki hoto, baƙi su tafi. Bayan wata shida ka leƙa ɗakin: kwamfutoci ashirin an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani, makulli na aljihun shugaban makaranta, janareta babu mai, malamin da aka horar ya samu wani aikin.

Waɗanda suka gane bakin zaren sun canza salo. A 2007 'Gbenga Sesan ya fara koyar da matasan Ajegunle, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi cunkoso a Legas, ƙarƙashin ƙungiyar Paradigm Initiative. Abin da ya nema a wurin kamfanoni ya wuce kwamfuta: su karɓi yaran a ofisoshinsu su koyi aiki bayan horo. Nan ne gizo ke saƙar, domin takardar shaida ba ta ciyar da kowa. Daga baya shirin ya kai Aba, ya kai unguwar Dakata a Kano, garin da cibiyar CITAD mai yaɗa ilimin fasahar sadarwa ta daɗe tana irin wannan fafutuka.

A shekarar 2007 ɗin ce kuma dokar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta wajabta wa manyan kamfanoni irin su bankuna da na sadarwa biyan kashi 1 cikin 100 na ribarsu don bunƙasa fasaha. Sannan a 2017 shugaban Google, Sundar Pichai, ya zo Legas ya yi alkawarin horar da 'yan Afirka miliyan 10 cikin shekara biyar. Adadi mai daɗin ji, amma a lissafi irin wannan, wanda ya zauna bitar yini ɗaya ma an ƙirga shi.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Har yau akwai ɗalibin ƙauye da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsa ke taɓa linzamin kwamfuta, yana dube-dube ya ga yadda na kusa da shi ya riƙe nasa.